Yadda Za Ka Bi Sawun Kuɗin Barasa a Amurka, 1920 zuwa 1933, Ka Gane Abin da Ya Mayar da 'Yan Daba Gwanayen Jama'a

Wannan jagora ce ga malamin tarihi, ɗalibi, ɗan jarida ko mai shirya shirin rediyo da ke son ya yi bayanin shekaru goma sha uku da Amurka ta yi tana hana sayar da barasa, ba tare da ya ɓuge da maimaita tatsuniyoyin finafinai ba. Yawancin masu ba da wannan labari da bindiga suke farawa, sai hoton Al Capone, shahararren uban daban Shikago, da sigarinsa. Wanda ya fara daga nan zai ƙare da labari mai daɗin ji wanda bai bayyana komai ba. Hanyar da ta fi kai mutum ga gaskiya ita ce bin ganga da bin kuɗi. A kowane mataki ka riƙe tambayoyi uku: daga ina kayan ya fito, wa aka biya ya kau da kai, wa ya saya ya sha. Amsar ta ukun ce za ta nuna maka inda farin jinin 'yan daba ya samo asali.

Fara da karanta dokar kanta

Takardu biyu za ka ajiye a gabanka. Ta farko gyara na 18 ne ga kundin tsarin mulkin Amurka, wanda jihohi suka kammala amincewa da shi ranar 16 ga Janairun 1919, ya fara aiki 17 ga Janairun 1920. Ta biyu Dokar Volstead ce, wadda majalisa ta zartar a Oktoban 1919 duk da Shugaba Woodrow Wilson ya hau kujerar na ƙi. Ita ce ta fayyace yadda za a aiwatar da hanin.

Ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin ayyukan da aka hana: sarrafawa, sayarwa, jigila, shigo da ita ƙasar, fitar da ita. Yanzu nemi sha a cikin jerin. Babu shi. Nemi saye. Shi ma babu, kuma a 1930 Kotun Ƙoli ta tabbatar, a shari'ar Farrar, cewa mai saye bai aikata laifi ba a ƙarƙashin wannan doka. Duk abin da zai biyo baya daga wannan giɓin ya taso. An bar miliyoyin masu buƙata cikin aminci, an ɗora dukkan haɗarin a kan mai kawowa, shi kuwa ya mayar da haɗarin ya zama farashi.

Sai ka lura da ma'auni. Dokar Volstead ta ce duk abin sha da ƙarfin maye a cikinsa ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari haramtacce ne. Mutane da yawa da suka goyi bayan gyaran sun ɗauka wiski da makamantansa kawai za a taɓa, a bar giya mara ƙarfi. Wayne Wheeler na ƙungiyar yaƙi da barasa ta Anti-Saloon League, wanda ke da babban hannu a tsara dokar, bai bar wannan ƙofa ba. Haka nan ka rubuta a gefe cewa an ba da tazarar shekara guda kafin dokar ta fara aiki, kuma abin da mutum ya saya ya ajiye a gidansa kafin ranar halal ne gare shi. Mai kuɗi ya cika rumbunsa. Lebura mai karɓar albashin mako ba shi da halin yin haka.

Daga nan ka zana jadawali na ƙofofin da dokar ta bari a buɗe, domin kowace ƙofa ta haifi irin nata ɗan fasa-ƙwauri. Likita na iya rubuta wa marar lafiya wiski, kusan rabin lita a kowane kwana goma. Coci da majami'ar Yahudawa suna da izinin ruwan inabi na ibada. Masana'antu suna karɓar barasar aiki wadda aka gurɓata da sinadarai don kada a sha. Sashe na 29 ya yarda magidanci ya matse 'ya'yan itace a gida, wanda a aikace ya zama izinin haɗa giyar inabi. Ta ƙarshe ita ce giya marar ƙarfi da aka yarda a sayar. Hanyar yin ta kuwa ita ce a fara yin giyar gaske, sannan a zare mata ƙarfin. Wato masana'antar da ke da lasisi tana da haramtaccen kaya a tankinta kullum, abin da ya rage kawai shi ne ta wace ƙofa gangar za ta fita.

Ƙirga masu tsaron

Wannan mataki gajere ne, amma kada ka tsallake shi. Hukumar aiwatar da dokar ta fara da jami'ai kusan 1,500 a ƙasar da ƙidayar 1920 ta nuna tana da mutum miliyan 106. Raba ka gani: jami'i ɗaya ga mutum wajen dubu saba'in, ga doguwar iyaka da Kanada, ga wata da Meziko, ga gaɓar teku biyu. Albashinsu kaɗan ne, kuma har 1927 ba a ɗaukar su ta jarrabawar aikin gwamnati, 'yan siyasa ne ke raba guraben ga yaransu. Zuwa 1931 an kori kusan ɗaya cikin kowane goma sha biyu saboda laifi, galibi cin hanci da makamantansa. Waɗanda aka kama ke nan.

Gyaran ya raba nauyin aiwatarwa tsakanin tarayya da jihohi, kowa kuma ya jira ɗaya ya kashe kuɗin. Jihar Maryland ba ta taɓa yin tata dokar ba. New York ta soke tata a 1923. Kotunan tarayya suka cika maƙil, har alƙalai suka riƙa ware ranaku na musamman da masu laifi za su amsa laifi a jere, su biya 'yar tara, su koma bakin sana'a. Idan kana lissafin ɗan fasa-ƙwauri, sanya wannan tara a layin kuɗin gudanarwa, kusa da kuɗin mai da na direba.

Bi kowace hanya a kan taswira

Samo taswirar Amurka ka yi alama da launi daban ga kowace hanyar kaya. Kada ka haɗa su wuri ɗaya, domin ba dukkansu ne suka haifar da manyan ƙungiyoyi ba.

Hanyar magani ka bi ta ta hannun George Remus. Lauya ne a Shikago wanda ya taɓa yin sana'ar haɗa magunguna, ya karanta dokar da kyau, ya koma Cincinnati saboda yawancin wiskin da ke kulle a ɗakunan ajiya na gwamnati yana kewayen nan. Ya sayi masana'antun wiski, ya kafa kamfanonin magani, ya riƙa sayar wa kansa da takardun izini, sannan kayan ya karkata zuwa kasuwar bayan fage. Darasinsa shi ne takarda ta fi bindiga kawo kuɗi a farkon zamanin, kuma takardar izini a wurin jami'in gwamnati ake sayenta.

Hanyar teku ta taso daga Nassau a tsibiran Bahamas da kuma Saint-Pierre, tsibirin Faransa da ke kusa da gaɓar Kanada. Manyan jiragen ruwa kan tsaya a jere bayan mil uku daga gaɓa, inda ikon Amurka ya ƙare, ƙananan jirage masu gudu su zo su kwasa cikin dare. Bill McCoy ne sanannen sunan wannan hanya har aka kama shi a 1923. A 1924 yarjejeniya da Birtaniya ta faɗaɗa ikon bincike zuwa nisan tafiyar awa ɗaya daga gaɓa. Lura da abin da wannan ya jawo. Nisa ya ƙaru, sai aka buƙaci jirage masu tsada da rediyo da jari mai yawa. Ƙaramin ɗan kasada ya fita, babbar ƙungiya ta shiga. Za ka ga wannan tsari yana maimaita kansa: duk lokacin da aka ƙara matsi, masu rauni ne ke faɗuwa, kasuwarsu ta koma hannun masu ƙarfi.

Hanyar Kanada ta fi kauri a kogin Detroit, inda tazarar ruwa tsakanin birnin da garin Windsor na Kanada ba ta kai mil ɗaya ba a wasu wurare. Yin wiski don fitarwa waje halal ne a ɓangaren Kanada. Gungun Purple Gang ne ya yi suna a nan, yana tsallako da kaya yana kuma ƙwace na wasu.

Hanyar masana'antu da ta cikin gida su ne suka fi cutar da talaka. 'Yan daba sukan saci barasar aiki su ɗauki masana sinadarai su tace ta, tacewar kuma ba ta cika fita duka. A unguwar 'yan Italiya ta Shikago, 'yan'uwan gidan Genna sun riƙa biyan iyalai dala 15 a rana su kula da ƙananan tukwanen dafa barasa a ɗakunansu. Ga baƙon da ke aikin ƙarfi, wannan kuɗi ya ninka abin da yake samu sau da yawa. Ka riƙe wannan adadi, zai yi maka amfani idan ka zo batun farin jini.

Tsaya sosai a kan giya

Idan lokacinka kaɗan ne, ka ba giya rabinsa, domin ita ce ta tilasta tsari. Akwatin wiski ƙarami ne mai tsada, mutum biyu da mota ɗaya sun isa. Giya kuwa kaya ce mai nauyi, mai arha, mai saurin lalacewa. Ana buƙatar gini babba da ba ya ɓoyuwa, warinsa yana kai wa unguwa. Ana buƙatar hatsi da gangunan katako da ƙanƙara da manyan motoci masu fita a kan lokaci. Ana buƙatar ɗaruruwan mashaya da za su karɓa kowane mako. Babu yadda za a yi wannan a ɓoye. Sai dai a yi shi a fili, bayan an sayi duk wanda ke da ikon hanawa: ɗan sandan layi, shugaban caji ofis, jami'in tarayya, kansila, wani lokaci har alƙali.

Yi lissafin a kan allo. Ƙiyasin da aka saba bayarwa game da Shikago shi ne gangar giya kan ci kimanin dala 5 wajen yi, a sayar wa mai mashaya a kan kimanin dala 55. Cire kuɗin jigila da na ma'aikata, har yanzu abin da ya rage ya isa a ciyar da jami'ai da yawa. To amma cin hanci kuɗi ne tsayayye: shugaban 'yan sanda ɗaya za ka saya ko ganga ɗari kake sayarwa ko dubu. Saboda haka mai babbar kasuwa ya fi samun sauƙi a kan kowace ganga, kuma kowa yana da dalilin faɗaɗa yankinsa. Nan ne ma'anar tsararren laifi take: akanta, lauya, direbobi, masu karɓar kuɗi, jadawalin biyan jami'ai.

Johnny Torrio ne ya fi kowa gane wannan a Shikago. Ubangidansa Big Jim Colosimo, mai gidajen karuwai da caca, an harbe shi a Mayun 1920, kuma ba a taɓa hukunta kowa ba. Torrio ya haɗa kai da masu masana'antun giya na da, ya kira shugabannin gungu ya ba da shawarar a raba birnin yanki-yanki, kowa ya sayar a nasa. Ya ɗauko wani saurayi daga Brooklyn, Al Capone, haifaffen 1899, ya sa shi a gidan cacarsa da karuwai mai suna Four Deuces.

Bayyana jinin da dalilinsa

Kada ka gabatar da kashe-kashen a matsayin haukan mutane masu zafin kai kawai. Tambayi masu saurarenka: idan aka sace maka motar kaya, ko abokin ciniki ya ƙi biya, ko maƙwabci ya shigo yankinka, ina za ka kai ƙara? Mai halattacciyar sana'a yana da kotu. Mai haramtacciya ba shi da ita, sai ya kafa tasa da bindiga.

Jeranta Shikago da kwanan wata domin a ga sarƙar. A Mayun 1924 Dean O'Banion, shugaban gungun arewacin birnin, ya sayar wa Torrio kasonsa a masana'antar giya ta Sieben alhali ya san 'yan sanda na shirin kai samame, aka kama Torrio a wurin. Ranar 10 ga Nuwamban 1924 aka harbe O'Banion a shagonsa na furanni. A Janairun 1925 mutanensa suka harbi Torrio, ya tsira da ƙyar, ya miƙa wa Capone ragama. A Satumban 1926 jerin motoci suka yi ruwan harsasai a kan otal ɗin Hawthorne, mazaunin Capone, da ke Cicero, wani gari a gefen Shikago. Mako uku bayan haka aka kashe Hymie Weiss, magajin O'Banion. Ranar 14 ga Fabrairun 1929 aka jera mutum bakwai a jikin bango a wani gareji da ke titin North Clark aka harbe su, wasu daga cikin maharan sanye da kayan 'yan sanda. Bugs Moran, shugaban gungun arewa a lokacin, wanda ake kyautata zaton shi ake nema, bai shiga wurin ba. Ka faɗa a sarari cewa ba a taɓa samun kowa da laifin wannan kisa a kotu ba, kuma Capone yana Florida a ranar. Zargi ne mai ƙarfi, amma zargi ne.

Sanya Seattle kusa da Shikago don kwatance. Roy Olmstead, tsohon jami'in 'yan sanda, ya gudanar da babbar harkar shigo da wiski daga Kanada, ya hana yaransa ɗaukar bindiga. Inda babu takara mai tsanani, kuma an sayi hukuma, jini kan yi ƙaranci. Wannan kwatance yana hana ka yin kuskuren mayar da Shikago hoton Amurka gaba ɗaya.

A nan akwai tarko game da alƙaluma. Ƙididdigar hukuma ta nuna kisan kai ya tashi daga kusan mutum 7 cikin dubu ɗari a 1920 zuwa kusan 10 a 1933, sannan ya sauka bayan soke dokar. Amma a cikin waɗannan shekaru an riƙa ƙara sababbin jihohi a tsarin rajistar mace-mace, ciki har da jihohin kudu da yamma da dama can kisan kai ya fi yawa a cikinsu. Wani ɓangare na tashin daga wannan ya fito. Kawo adadin, ka kawo wannan gargaɗi tare da shi.

Warware farin jinin zare-zare

Yanzu ka iso zuciyar batun. Kada ka ce kawai jama'a sun so su. Raba abin gida-gida, ka nemi hujjar kowanne.

Zare na farko shi ne abokin ciniki. A 1929 kwamishinan 'yan sandan New York, Grover Whalen, ya ƙiyasta mashayun ɓoye a birnin sun kai 32,000. Duk wanda ya ƙwanƙwasa irin wannan ƙofa ya san daga hannun wa kofinsa ya fito. Yana da wuya mutum ya kira mai kawo masa kaya mugu ba tare da ya tuhumi kansa ba, sai ya zaɓi ya kira shi ɗan kasuwa mai ƙarfin hali. Haka kuma masu taya alƙali yanke hukunci daga cikin waɗannan mutane ake ɗauko su, shi ya sa shari'o'i da yawa suka ƙare da sallama. Capone ya san wannan sarai. Ya sha gaya wa 'yan jarida cewa abin da jama'a ke nema yake kawo musu, kuma manyan gari na cikin masu sayensa.

Na biyu shi ne fuska biyu ta masu mulki. Shugaba Warren Harding yana shan wiski da abokansa a Fadar White House. George Cassiday ya shafe shekara goma yana kai wa 'yan majalisa barasa har ofisoshinsu, a 1930 kuma ya bayyana hakan a jaridar Washington Post. A gefe guda, baƙi da baƙaƙen fata da talakawan karkara su ne ke cika kurkuku, musamman bayan Dokar Jones ta 1929 ta ɗaga hukuncin zuwa shekara biyar da tarar dala 10,000. A gundumar Williamson ta jihar Illinois, 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan ne suka riƙa fasa gidajen baƙi 'yan Katolika a 1923 da 1924 da sunan aiwatar da dokar. Mutumin da aka fasa wa gida haka, idan ya ga ɗan unguwarsu ya gagari hukuma, za ka fahimci abin da ya ji ko da ba ka yarda da shi ba.

Na uku shi ne abinci. Koma kan dala 15 ta gidan Genna, ka ƙara direbobi da masu gadi da mawaƙan da ke samun aiki a gidajen rawa irin Cotton Club na Owney Madden. Ga ɗan baƙo daga Italiya ko Ayalan ko Bayahuden gabashin Turai wanda manyan ofisoshi suka rufe wa ƙofa, uban daba shi ne ɗan gida da ya yi arziki.

Na huɗu shi ne jarida. Jaridun Shikago da New York suna gasar sayarwa, jana'izar ɗan daba da motocin furanni kuwa tana sayar da takarda. Capone ya bambanta da sauran domin yana kiran 'yan jarida da kansa, har mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a Maris 1930. A kan haka sai ka kawo Jake Lingle, wakilin Chicago Tribune da aka harbe a Yunin 1930. An fara yi masa makoki a matsayin gwarzon aikin jarida, sai bincike ya nuna mai albashin dala 65 a mako yana rayuwar attajirai, yana shiga tsakanin 'yan daba da 'yan sanda. Bayan ka san wannan, kowane rahoton zamanin sai ka karanta shi da tambayar wa ke ciyar da marubucin.

Na biyar shi ne fim. Little Caesar da The Public Enemy sun fito a 1931, Scarface a 1932, a tsakiyar karayar tattalin arziki, lokacin da bankuna ke rufewa da kuɗin mutane. Jarumin kan mutu a ƙarshe, amma abin da ɗan kallo ke ɗauka gida shi ne kwat da mota da rashin tsoro. Daga 1934 aka tsaurara dokar tace finafinai kan irin waɗannan labarai.

Ga gwajin da za ka yi wa duk labarin alheri da aka jingina wa ɗan daba: yaushe ya faru, me ke damunsa a lokacin, wa ya fara ba da labarin. Gwada shi a kan gidan ciyarwar Capone da ke titin South State, inda marasa aiki suka riƙa samun miya da burodi kyauta. Abincin gaskiya ne, masu yunwa sun ci. Amma duba kalanda. An buɗe shi a ƙarshen 1930. A Afrilun shekarar Hukumar Yaƙi da Laifuka ta Shikago, ƙarƙashin Frank Loesch, ta fitar da jerin maƙiyan jama'a 28 da sunansa a sama, a cikin shekarar kuma aka samu ɗan'uwansa Ralph da laifin haraji. Mutumin da shari'a ke tunkarowa yana da bukatar jama'ar gari su gan shi da ludayi a hannu.

Sannan ka buɗe ɗaya shafin, wanda masu son labarin gwarzo ke tsallakewa. Cikin mutum bakwai na garejin akwai John May, makanikin mota mai iyali. A Yulin 1931 harbin 'yan daba a unguwar Harlem ta New York ya kashe yaro ɗan shekara biyar. A zaɓen Cicero na Afrilun 1924 an doki masu zaɓe, an sace jami'an rumfa. A zaɓen fid da gwani na Shikago a 1928 an riƙa jefa bama-bamai a gidajen 'yan takara. Ƙananan 'yan kasuwa, irin masu wankin tufafi, sun biya kuɗin kariya dole. A 1930 wani gurɓataccen ruwan citta da ake sha a madadin barasa ya shanye ƙafafun dubban mutane, yawancinsu talakawa. Gwamnati ma tana da nata kaso, domin a ƙarshen 1926 ta ƙara guba a barasar masana'antu alhali ta san ana sace ta ana sha, kuma babban likitan binciken gawa na New York, Charles Norris, ya fito fili ya soki hakan. Muna ganin duk bayanin da bai ba waɗannan mutane wuri daidai da na Capone ba, ya zama ci gaban tallarsa.

Nuna yadda aka kama shi, ka gyara tatsuniyar

Faɗuwar Capone ta tabbatar da hanyar bin kuɗi. Mabel Walker Willebrandt, mataimakiyar babban lauyan gwamnati, ta matsa a yi amfani da dokar haraji, kuma a 1927 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Sullivan cewa kuɗin haram ma ana biyan haraji a kansa. Frank Wilson na sashen binciken haraji ya tono wani littafin lissafi da aka ƙwace a gidan cacar Cicero tun 1926, ya bi rubutun hannun har ya gano akantan, Leslie Shumway. Mai shari'a James Wilkerson ya ƙi amincewa da sassaucin da aka shirya, da ya sami labarin an fara sayen masu taya shi hukunci kuma sai ya musanya su da na wata kotu a safiyar fara shari'a. A Oktoban 1931 aka yanke wa Capone shekara 11 da tarar dala 50,000. Ya zauna a kurkukun Atlanta, aka mayar da shi kurkukun tsibirin Alcatraz a 1934, aka sake shi a 1939 cutar tunjere ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya mutu a Janairun 1947.

Eliot Ness, jami'in tarayya mai aiwatar da dokar a Shikago, da yaransa sun fasa masana'antun giya, sun jawo wa gungun asara ta gaske, amma ba a kan tuhumarsu aka ɗaure shi ba. Girman sunan Ness ya zo ne daga littafin da ya fito a 1957 da shirin talabijin da ya biyo baya. Ka nuna wa masu saurarenka cewa ɓangaren hukuma ma an ƙera masa gwarzo.

Kurakuran da za ka duba kafin ka gama

Kada ka ce dokar ce ta ƙirƙiri 'yan daba. Akwai gungun caca da karuwanci da na 'yan bangar siyasa tun kafin 1920. Abin da dokar ta yi shi ne ta ba su jari da dalilin haɗa kai tsakanin birane da ƙabilu. A da ɗan siyasa ne ke ɗaukar ɗan daba aiki, a wannan zamani lamarin ya juye a wurare da dama.

Kada ka ce shan barasa bai ragu ba. Masana tattalin arziki Jeffrey Miron da Jeffrey Zwiebel sun ƙiyasta cewa a farkon hanin ya faɗi zuwa kusan kashi 30 cikin ɗari na yadda yake a da, daga baya ya hau zuwa kashi 60 ko 70. Mutuwa daga ciwon hanta ta ragu. Matan da suka kafa WCTU, ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da shan barasa, a 1874 suna yaƙi ne da ɓarna ta gaske, ta mazan da ke shanye albashi su dawo su doki iyali, kuma bai dace a mayar da su abin dariya ba. Batun da kake bayani shi ne abin da ya faru da aka kafa doka a al'ummar da babban ɓangarenta, musamman a birane, bai yarda da ita ba, aka kuma ƙi biyan kuɗin aiwatar da ita.

Kada ka haɗa John Dillinger da Bonnie da Clyde a wannan sahu. 'Yan fashi ne na farkon shekarun 1930, farin jininsu daga fushin jama'a da bankuna ya fito, ba su da alaƙa da kasuwar barasa.

Kada kuma ka rufe labarin a ranar 5 ga Disamban 1933, da jihar Utah ta cika adadin jihohi 36 da suka amince da gyara na 21, wanda ya soke na 18. Bayyana dalilin sokewar tukuna: gwamnati na neman haraji da ayyukan yi a cikin karayar arziki, attajirai irin Pierre du Pont na fatan harajin barasa ya rage musu na kuɗin shiga, ƙungiyar mata ta Pauline Sabin da aka kafa a 1929 kuma ta karya hujjar cewa duk mata na bayan dokar. Daga nan ka bi kuɗin shekara ashirin gaba. A New York, bayan kashe Joe Masseria a Afrilun 1931 da Salvatore Maranzano a Satumban shekarar, Lucky Luciano da abokansa sun kafa majalisar sasanta rikici tsakanin iyalan Mafiya tun kafin a soke dokar. Meyer Lansky da Frank Costello, abokan Luciano, sun juya jarin barasa zuwa caca, har Havana da Las Vegas. Magadan Capone sun kutsa ƙungiyoyin ƙwadago. Idan kana son shaida a rubuce cewa tsarin ya rayu, nemi zaman sauraron bahasi na Sanata Estes Kefauver na 1950 da 1951, ka ɗauki sunayen waɗanda aka kira, ka duba mutum nawa ne a cikinsu suka fara da tuƙa motar barasa a shekarun 1920.